Kwanon Takwarata

Shekarar da ƙuraje suka feso mini a fuska ina wajen sha huɗu, kuma a shekarar ne tumatir ya yi albarka a gonakin ruwa na ƙasar Kura har ana rasa kwandon zubawa. Ƙauyenmu yana bakin babban kanal, hanyar ruwan siminti da aka jawo daga Tiga. Tun da ruwan nan ya zo, rani ya daina zama lokacin hutu a wurinmu. Baba yana gona tun asuba yana juya ruwa, Inna tana dafa ɗanwake don masu tsinkar tumatir da 'yan lodi, ni kuma nake ɗauka a ka in bi gefen kanal in kai musu.

Daga goshi suka fara, suka gangaro kumatu, suka sauka haɓa. Wasu jajaye masu zogi, wasu masu farin kai da ke roƙon a matse su. Madubin gidanmu ɗaya ne, wanda ke cikin murfin gwangwanin hodar Inna, na kuwa dame shi da kallo har ta fara ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. A gona ma ban tsira ba. Wani ɗan lodi mai wushirya, kullum ya hango ni sai ya ɗaga murya.

“Mai ɗanwake, wa ya watsa miki gero a fuska?”

“In gero ne ka kawo kajin gidanku su tsince,” na kan ce masa. Lokacin bakina ba ya mutuwa. Amma in na juya baya sai in ja gyale in rufe rabin fuskata.

Kaka, mahaifiyar Baba, cewa take in ƙyale su, ƙurajen girma ne, da kansu suka zo da kansu za su tafi. Gwaggo ce ba ta yarda da ƙyalewa ba. Yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida da zama, kuma ban taɓa jin an ambaci ciwo a gabanta ta ce ba ta san maganinsa ba. Ita ta sa ni wanke fuska da sabulun salo safe da yamma. Ta sa na tafasa ganyen darbejiya na lulluɓa da zane na yi surace har numfashina ya yi ɗaci. Ta sa na riƙa yanka tumatir ina gogawa, wanda ko ba komai shi ne maganin da ya fi arha a garinmu a wannan shekara. Ƙurajen suka yi kamar taki ake zuba musu.

Kafin in ci gaba sai na faɗi wani abu game da gidanmu. A kan katangar bayan ɗakin Kaka akwai wani kwano a kife, farin kwano mai zanen jan fure, bakinsa ya ɓantare. Tun da na yi wayo yana nan. Ba a cin abinci a ciki, ba a zuba wa kaji dusa a ciki, ba a kuma jefar da shi ba. In iska ta yar da shi, da kara ake ɗaga shi a mayar. Na ƙanwar Kaka ne, wadda ta rasu kafin a haife ni. Kuturta ta kama ta tana budurwa, aka yi mata bukka a bayan gida, aka ware mata wannan kwano, a ciki ta ci har ta koma ga Allah. A gidanmu ba a kiran sunan cutar, sai dai a ce “ciwon nan”. Sunan wannan baiwar Allah aka sa mini. Shi ya sa Kaka ba ta kirana da komai sai “ƙanwata”, ni kuma in ce mata ai ni na fi ta kyau, ta bi ni da muciya.

Wata safiya Gwaggo ta ce wasa ya ƙare, yau za ta yi mini na gaske. Ta daka jar kanwa da tafarnuwa a ɗan turmin yaji, ta matse lemun tsami a kai har ya yi kumfa, ta kwaɓa ya yi kauri. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta lafta mini a kumatu biyu da tsakiyar goshi. Nan take na ji kamar an manna mini garwashi.

“Gwaggo, zafi!”

“Yawwa. Maganin da ba ya zafi ai kwalliya ce. Kar ki kuskura ki wanke sai kin dawo daga talla, rana ce za ta shigar da shi ciki.”

Inna tana bakin murhu da goyo a bayanta, ta ɗago ta dube mu ta mayar da kai. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta zama kusa da ni, ba ta sa baki a maganata a gaban dangin mijinta. In tana nemana “ke” ce kawai, kuma duk 'ya'yan gidan sun san wace “ke” ake nufi.

Haka na ɗauki ɗanwake na fita. Bazara ta fara shigowa, rana tana dukan simintin kanal tana dawowa a fuska. Ga ruwa yana gudu a gefena, mai sanyi, ina kallonsa yana kallona, amma an ce kar in wanke. Gumi ya riƙa narkar da kwaɓin yana gangarowa. Kafin in sayar da rabin abincin hawaye ne ke zuba da kansu. Ɗan lodin nan mai wushirya ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, ya dube ni da kyau, sai ya ce, “Ke, je ki gida.” Wannan ya fi duk tsokanarsa tayar mini da hankali.

Washegari fuskar ta tashi ta yi ruwa kamar ƙunar tafasasshen mai. Ta fashe, ta bushe, ta yi baƙin ɓawo. Da ɓawon ya fara ɓamɓarewa sai ga abin da ke ƙasa: a kumatun hagu wani fili mai faɗin bakin ludayi, fari-fari, mai ɗan ja a gefe, ya yi kauri yana sheƙi. In na taɓa shi sai in ji kamar fatar wani nake taɓawa.

Kaka ce ta fara daina wasa da ni. Ta daina cewa “ƙanwata”. Sai in ɗago in kama ta tana kallon kumatuna, ta yi sauri ta sunkuyar da kai kan carbinta. Sannan wata rana da hantsi, ina tankaɗe a bayan ɗaki, na ji su da Gwaggo suna magana ƙasa-ƙasa.

“Maganin nan na yi wa mutum nawa, Iya? Wa ya taɓa yi wa haka? Ni dai na ce abin a jini yake. Maganin fito da shi kawai ya yi.”

“Rufa mana asiri.”

“Ina rufawa. Amma ke kin gani da idonki a wancan karon. Ba daga kumatu ya fara ba? Ga suna kuma an ɗauka an liƙa mata.”

Rariya ta suɓuce daga hannuna. Ban san lokacin da na ɗaga kai na dubi katanga ba. Kwanon yana nan a kife, ƙadangare na kwance a kansa.

Da la'asar Kaka ta kira ni ɗakinta ta saki labule. A kan tabarma ta ajiye ɗan ƙullin auduga da ƙayar aduwa guda. Ta ce tun zamanin ƙanwarta ta ga yadda malamin asibiti mai zuwa a kan keke yake gwadawa: a rufe wa mutum ido a taɓa wurin, in ya ji to da sauƙi, in bai ji ba to sai haƙuri. Ta ɗaure mini ido da ɗankwalinta mai warin man kaɗanya.

“Duk inda kika ji, ki ce kin ji.”

Na ji auduga a goshi, na ce na ji. Na ji a haɓa, na ji a kumatun dama. Daga nan shiru. Ina jira, ina jin kukan kaji a waje, ina jin numfashin Kaka kusa da kunnena, ina cewa a raina me take jira ne ba ta taɓa ba.

“Kaka, ki taɓa mana.”

Da ta kwance ɗankwalin na ga ƙayar ce a hannunta, ba audugar ba. Ashe ta daɗe da taɓawa.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammaci ba, kuma na girma na ga abubuwa. Na fito tsakar gida komai yana nan yadda yake, ƙannena mata biyu suna 'yar carafke, hayaƙi na tashi daga murhu, amma ji nake kamar an riga an ɗauke ni an ajiye a bayan katanga ina leƙowa.

Bayan magariba aka raba tuwo. Mu uku muke ci a kwano ɗaya da ƙannena, kullum da faɗa a kan wa ya ja miya gabansa. Na wanke hannu na nufi tabarmarmu, sai Gwaggo ta ce, “Ke, naki yana can.” Na juya. A gindin bishiyar darbejiya an shimfiɗa buhu, a kan buhun ga farin kwano mai jan fure, an wanke shi tas har yana ɗaukar ido. Kaka ta taso da miya. Ta tsaya daga nesa, ta miƙa hannu, ta ɗaga kwanon miyar sama ta tsiyaya don kada baki ya taɓa baki. Ba ta zubar da ko ɗigo a ƙasa ba. Hannunta ya san aikin.

“Na ɗan lokaci ne, kafin mu gani,” ta ce, ba ta dube ni ba.

Baba ya shigo ya tarar, ya tsaya jim, ya ce da zarar an kwashe tumatirin da ya nuna zai kai ni ɗakin shan magani a Kura. Kaka ta ce a'a, a dakata tukuna, in aka gan mu a layin masu wannan ciwo magana ta gama gari kafin mu dawo, ga ƙanne mata a bayana. Baba bai iya musu da mahaifiyarsa. Ya koma zaure, na ji yana ta gyaran murya shi kaɗai.

Aka daina aikena talla, aka ce wa maƙwabta zazzaɓi nake. Aka ware mini moɗa da buta. Kwanakin da suka biyo baya a gindin darbejiyar nan na yi su, ba aikin da nake sai duba jikina. In ɗaga yatsuna a rana in ga ko sun fara lanƙwashewa. In ciji kan kowane ɗaya har sai na ji zafi, in na gama in sake daga farko, don wataƙila wanda ya ji ɗazu yanzu ya daina. In shafa girata in duba ko gashi ya biyo hannu. Akwai wani mutum da ke zama a bakin tashar Kura, hannuwansa dungu, da wuyan hannu yake riƙe moɗa ya sha ruwa. Da can ko kallo na biyu ban taɓa yi masa ba, yanzu kuwa ba na ganin komai sai shi. Na gwada riƙe moɗata da wuyan hannu, a ɓoye, don in ga ko zan iya. Ta faɗi, na zauna na yi ta kuka.

Ƙaramar ƙanwata ta taɓa rugowa za ta faɗa jikina kamar yadda ta saba, Gwaggo ta daka mata tsawar da ta sa ta fitsari a tsaye. Daga ranar sai ta riƙa tsayawa daga bakin inuwar bishiyar tana kallona da yatsa a baki. Abincin kuma ba ya wuce mini. In na sa hannu a kwanon sai yatsana ya faɗa wani ɗan gurbi a gindinsa inda fentin ya cinye, in tuna yatsan da ya cinye shi, in janye hannu. Kajin gidan ma ba a bari su ci ragowata, rami ake tonawa.

Inna ba ta ce komai ba duk tsawon wannan lokaci. Na ji haushinta sosai, ba zan ɓoye ba. Ina ganinta tana wucewa da itace, tana wucewa da ruwa, fuskarta kamar an shafe da ƙasa. Na ce a raina ko bukkar aka yi mini ita za ta tayar da azara ba ta ce uffan ba.

Ranar da abin ya canza ba ta da wata alama. An raba tuwo, Kaka ta tsiyaya mini miya daga sama, na zauna ina kallon kwano. Sai na ga Inna ta wanke hannu, ta bar nata tuwon a bakin murhu, ta ratso tsakar gida a gaban kowa. Ta zauna a kan buhuna har gwiwarta na taɓa tawa. Ta yi bisimilla, ta sa hannu a kwanon, ta yanko loma ta dangwali miya ta kai baki.

“Ke! Kin haukace ne?” in ji Gwaggo. “Da goyo a bayanki?”

Inna ta haɗiye lomar tukuna. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi Gwaggo ba.

“Yaya, ni na ga abin da aka shafa mata. Ko fatar jaki aka lafta wa wannan a fita da ita rana sai ta saɓule. In kuma ciwon ne, to daga cikina ta fito, ba ta da abin da za ta ba ni wanda ban riga na ɗauka ba.”

Sannan ta juyo gare ni ta kira sunana. Sunana sosai, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, sunan mai kwanon. Ta ce, “Ci abinci.” Na ci, ina kuka ina ci, majina da miya duk ɗaya. Tsoron bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ina tsoron kaina ina tsoron in kashe uwata. Amma na cinye tuwon.

Daga ranar kullum tare muke ci. Bayan an gama sai ta lakato man kaɗanya ta shafa mini a wurin da yatsanta, ta hana ni fita rana, ta hana kowa kawo mini wani haɗi. Gwaggo ta daina karɓar ruwa daga hannun Inna. Kaka kuwa daga ƙofar ɗakinta take kallonmu har mu gama, nata tuwon yana sanyi a gabanta.

A hankali fatar mai kaurin nan ta fara tashi daga gefe, tana saɓulewa kamar ɓawon albasa. Wata rana da azahar ina zaune sai ƙuda ya sauka mini a kumatu, na kore shi ban sani ba. Hannuna yana sama na tsaya cak. A wane kumatun ya sauka? Na zauna kamar gunki ina roƙon Allah ya dawo da ƙudan nan. Ban taɓa zaton zan yi wa ƙuda addu'a ba. Bai dawo ba, ni kuma na kasa tabbatarwa, sai na tashi na tafi ɗakin Kaka na ce a sake gwadawa.

“Ki bari a ƙara kwana biyu.”

“Yanzu nake so.”

Wannan karon ba a saki labule ba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da goyonta, Gwaggo a bayanta. Aka ɗaure mini ido. Zuciyata tana bugawa har a cikin kunnuwana, na tabbata ko an taɓa ba zan ji ba saboda ƙararta. Na ji wani abu kamar iska a kumatun hagu, na ce na ji. Gwaggo ta ce canka kawai nake yi, ai na san inda za a taɓa. Sannan Kaka ta caka mini ƙayar nan da ƙarfin da ba ta yi niyya ba.

Ihun da na kurma har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga. Na fizge ɗankwalin ina cewa, “Wayyo! Wannan tsohuwa za ta kashe ni!” Jini ya tsatso. Kaka ta dubi jinin, ta dube ni, ta kama kaina da hannu biyu ta haɗa da ƙirjinta tana cewa, “Ƙanwata, ƙanwata,” har na rasa da wace ƙanwar take. Inna ta juya ta koma bakin murhu, ta shiga hura wutar da take ci da kyau.

Da aka kwashe tumatir Baba ya ɗora ni a keke ya kai ni Kura, bai nemi izinin kowa ba. Malamin asibiti ya duba ya ce ƙuna ce, ya tambayi abin da aka shafa, ya riƙe baki. Da Baba ya gaya masa abin da muka yi zato, sai ya ce ko da shi ne ma yanzu akwai maganinsa ana warkewa, kuma ba a raba wa mutum kwano, cin abinci tare ba shi ke kawo shi ba. Baba ya dawo ya maimaita wannan a tsakar gida, kowa na ji. Gwaggo ta ce ita dai abin da ta sani, inda ta shafa maganinta ko ƙurji ɗaya bai sake fitowa ba. Gaskiyarta ce kuwa. Sauran fuskar ta ci gaba da fesowa har sai da suka gaji don kansu, tabon ƙayar kuma yana nan har yau.

Da yamma na koma tabarmarmu, ƙannena suka matsa mini, kafin loma ta uku mun fara faɗan miya. Ina cikin ture hannun ƙaramar na ɗaga kai na dubi katanga don in ga an mayar da kwanon, na ga wayam. Yana gaban Kaka. Ta sa an zuba mata tuwonta a ciki, tana zaune ita kaɗai a ƙofar ɗaki tana kallonsa. Na taso na je na tsuguna kusa da ita.

“Kaka, ga kwanonku can ke da Gwaggo.”

“Na gani.” Ta shafa bakin kwanon inda ya ɓantare. “Ni ke kai wa mai kwanon nan abinci a bukka. Kullum sai ta ce, Yaya zauna mana ko kaɗan. In ce mata ina da aiki.”

Ta yi bisimilla ta sa hannu. A wannan kwanon ta ci abinci har ƙarshen ranta, kuma ita take wanke shi da kanta.